Kamfanin wanke kartar zinariya ko zaibar da muke ƙonawa, wa ke sa mana ciwo?

Ɗan Damazin: Salamu alaikum jama'a. Mahaliya, wato ƙaramar hukuma, ta kira zama ranar Asabar kan kamfanin da ke son kafa wurin wanke karta, wato ragowar ƙasar da aka riga aka cire wa zinariya, a bayan ƙorama. Ni dai gaskiya ciwon da ake ta kuka da shi ba daga kamfani yake ba, daga hannunmu yake, zaibar da muke ƙonawa a tsakar gida don cire zinariya ita ke cin mu.

Baffa: Wa alaikumus salam. Kai yaro yi a hankali. Mutanen Talodi ta Kordofan ta Kudu a Sudan da suka fito zanga-zanga a 2019 mahaukata ne? Dabbobi suna mutuwa, mata suna ɓari, sai da majalisar ministocin Hamdok, firaministan Sudan na lokacin, ta ba da umarnin daina aiki da zaiba da siyanid, gubar da kamfanoni ke cire zinariya da ita, a watan Oktoba na shekarar. Yanzu kuma a kawo mana siyanid ɗin bakin ruwan da shanunmu ke sha kace mu ne masu laifi.

Ɗan Damazin: Allah ya ba ka haƙuri Baffa, amma umarnin ai har da zaiba, wa ya daina a cikinmu? Jiya na ga wani yana ƙona dunƙulen zaiba da zinariya a cokali kan gawayin da ake dafa shayi, ɗansa na tsugune yana kallo.

Yaya Nas: Wannan da ka gani shi ne ya fi tayar min da hankali. Zaiba in ta sha wuta tururi take zama, ba ka gani ba ka jin wari, ta shiga huhu ta wuce ƙwaƙwalwa da ƙoda, shi ya sa za ka ga mutum hannunsa na rawa, ga mantuwa ga saurin fushi, a ce masa aljanu ne. Mai ciki kuma jaririn take taɓawa. Siyanid yana kashewa nan take amma rana da iska suna lalata shi a hankali, ita zaiba ba ta lalacewa, in ta shiga ruwa a jikin kifi take taruwa, abin da ya faru a Minamata ta Japan kenan a 1956.

Ɗan Damazin: To kun ji.

Yaya Nas: Tsaya ƙanena ban gama ba. Ita kartar da kamfani zai saya daga ina ta fito? Ragowar ƙasar da kuka wanke da zaiba ce, da zaibar a cikinta. In aka zuba mata siyanid ba a cire zaibar ba sai ta narke ta fi saurin bin ruwa. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa wannan cikin ayyukan da ake so a kawar, tare da ƙona zaiba a unguwar da mutane ke zaune. Don haka kai da kamfanin duk maganar ta shafe ku.

Kawu na Mai Wurno: Ni damuwata zaman kansa. An riga an yanka an soye, kiranmu kawai za a yi mu sa hannu a ɗauki hoto. Kar kowa ya je.

Baffa: A'a ɗan'uwa, in ba mu je ba za a rubuta jama'a sun amince. Ni zan je in tambaya da bakina, kududdufan wankin kamfanin nan in damina ta yi ƙarfi suka cika suka tumbatsa ina ruwan zai nufa, kuma wa zai biya mai garken da ya rasa dabbobinsa.

Yaya Nas: Baffa a ƙara da wannan, a gwada ruwan rijiyoyi da fitsarin ma'aikatan injin niƙa tun kafin a fara aiki, a ba lajana, wato kwamitinmu, kwafin sakamakon. In babu gwajin farko gobe duk wanda ya kwanta za a ce dama can da ciwonsa. A Zamfara a 2010 yara wajen 400 gubar dalma ta kashe, kuma a cikin gidaje ake niƙa duwatsun, iyaye na ganin zazzaɓi ne.

Ɗan Damazin: Na yarda a yi gwajin. Amma ni ma zan miƙe in ce a fitar da ƙona zaiba daga cikin unguwa, ko ran wasu zai ɓaci.

Inna: Ku dai kuna ta magana, an sa zaman ƙarfe goma na safe lokacin da muke wajen ɗiban ruwa da girki, mu kuma mu ke wanke kayan aikinku mu ke jinyar yaran. Baffa ka gaya wa shugaban lajana a mayar da shi bayan la'asar a ware mana wurin zama.

Baffa: Zan same shi bayan sallar isha'i yau in sha Allah.