Zanen kewayen duniyoyi: yaya taku ta kaya?

Malamin kimiyya, Mabera
Salamu alaikum. Na ba 'yan ajina aikin zana inda duniyoyin Zahra (Venus), Duniya da Mirrihu (Mars) suke a hanyarsu ta kewaya rana. Rabinsu sun sa kibiya tana bin hannun agogo, alhali in aka leƙo daga can samaniya ta wajen arewacin Duniya, dukansu saɓanin agogo suke tafiya. Wa ya taɓa wanga aiki?

Malama, Gawon Nama
Wa alaikumussalam Malam. Ni allo bai yi mini ba. Fili na fitar da su, na kife bokiti a tsakiya, na ce ga rana, ku kewaye ta kamar masu ɗawafi, tana hagunku. Tun ranar ba wadda ta sake juya kibiya.

Ɗalibi, Danfodiyo
Ma'auni ne ya kā da ni. Na ba Duniya santimita 10 daga rana, Zahra ta samu 7.2, Mirrihu 15.2, ina ta murna. Da na zo kan Mushtari (Jupiter) sai ga 52! Kwalin ya ƙare, sai da na liƙa wani. Lissafin tafiyar kuwa ba wuya: Duniya kusan digiri 1 a yini, Zahra 1.6, Mirrihu rabin digiri da 'yan kai, tunda kwana 687 yake yi kafin ya gama kewaya rana.

Injiniya mai ritaya, Arkilla
'Ya'yana, ku riƙa ɗaga kai sama. Daga Disamba 2024 na bi Mirrihu daga tsakar gidana, in hazon hunturu ya bari, don wani daren ko wata da ƙyar. Maimakon ya matsa gabas cikin taurari, yamma ya yi ta ja har ƙarshen Fabrairu 2025. Jikata ta ce to zanen makarantarsu ƙarya ne. Munka ɗauko shi, munka ɗiga inda Duniya da Mirrihu suke wata-wata, munka ja layi da rula daga wannan zuwa wancan. Ga layukan nan sun karkata baya, ba tare da an juya kibiya ko ɗaya ba. Duniya ce ta cim masa ta wuce, kamar kana kan kabu-kabu ka wuce raƙumi. Kusan duk wata 26 haka ke faruwa.

Malamin kimiyya, Mabera
Allah shi ƙara lafiya, Baba. Zanen nan yana nan? Ina so in aro shi ranar Litinin.