Neman shawara: wane takalmi ne zai iya da duwatsun Zuru da lakar fadama?

Malamin Gona: Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi mini canjin wurin aiki daga Jega zuwa yankin Zuru, ga damina ta kankama. Aikin na yawo ne, babur ya kai ni inda hanya ta ƙare, sauran kuma a ƙafa. Yau in hau tudu mai duwatsu, gobe in shiga fadamar shinkafa ruwa har ƙwauri. Kambas ɗin da nake sawa ƙasansa ya ɓanɓare, ga bororo ya fito mini a diddige. Wani ya ce in sayi but irin na sojoji, wani ya ce sefti but mai ƙarfe a baki, wani kuma ya ce in nufi gwanjo kawai. Kuɗin hannuna ba su da yawa, guda ɗaya nake so mai ƙarko wanda ba zai ci mini ƙafa ba. Don Allah masu sani a taimaka.

Baban Khalifa, Yawuri: Wa alaikumus salam Malam. Maganar guda ɗaya ka ajiye ta. Takalmin da zai shiga ruwan fadama daban, na hawan dutse daban. In ka riƙa tsoma na fata a laka kullum, kafin kaka ya gama yawo. In kuma ka hau dutse da rambut, wato dogon takalmin roba na shiga ruwa, zufa ta taru a ciki, ƙafa ta riƙa zamewa, targaɗe na jiranka tunda ba ya riƙe idon sawu. Rambut ba shi da tsada, ka saya ka ɗaure a bayan babur, sai ka isa bakin fadama ka canza. Sauran kuɗin ka zuba a na fatar. Sefti but kuwa an yi shi ne don wurin gini da kamfani, inda ƙarfe ko bulo zai iya faɗo wa mutum a yatsu. Nauyin banza za ka ɗauka.

Baduku, Argungu: Ɗana, wagga sana'a ita munka gada, bari in faɗa maka abin da nike gani kullum bisa teburina. Mafi yawan takalman da aka kawo min gyara ba fatar ce ta mutu ba, ƙasan ne ya rabu da sama, don da gam kaɗai anka liƙa shi. Zafin ƙasarmu, musamman watan Afrilu da Mayu, shina kashe gam, ruwan damina ya zo ya ƙarasa. In ka ɗauki takalmi ka duba gefensa, ka ga zare ya zagaye shi? Ka ɗaga shimfiɗar ciki ka gani ko ɗinkin ya ratsa, don akwai na ado da anka zana bisa roba, ba ya riƙe komai. In ka samu wanda ya yi maka daidai amma gam ne, ba laifi, kai wa shumeka ya zagaye shi da zare tun shina sabo, kada ka jira sai ya buɗe baki.

Fatar kuma ka murza ta da yatsa. Ta gaske tana da ƙanshinta, bayanta da gashi-gashi. Leda kuwa in ka leƙa bayanta yadi za ka gani, kuma ɓarewa take yi a inda ƙafa ke lanƙwasawa. In ya jiƙe kada ka kai shi bakin murhu, kada ka shanya shi a tsakar rana. Cire igiyar, cusa masa takarda, aje a inuwa inda iska ke bi. In ya bushe ka shafa masa man kaɗanya kaɗan, ba mai yawa ba, kada fatar ta saki.

Abu Sadik, Birnin Kebbi: Baba ya gama magana kan fata. Ni gwanjo zan taɓa, don na sha shiga. Ana samun kaya masu kyau ƙwarai, irin waɗanda Turawa ke hawan duwatsu da su, wasu za ka ga tambarin Vibram ruwan ɗorawa a ƙasansu, robar tana kama dutse sosai. Amma akwai tarko. Da yawa tsakanin fatar da robar ƙasa akwai wani soso mai laushi, in takalmin ya daɗe a ajiye danshi na cinye sosan nan ta ciki. A ido sabo fil, ka sa kwana biyu ya fara marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Kafin ka biya, ka lanƙwasa shi da ƙarfi, ka murɗa, ka danna farce a gefen. In ka ga tsaga ko gari na zuba, ajiye masa kayansa ko da kyauta ya ba ka, shumeka ma ba ya iya ɗinke abin da ke marmashewa.

Masu rubutun Gore-Tex kuma, wato masu wani yadi a ciki da ke hana ruwa ratsawa, kada ka ƙara kuɗi saboda su. Suna tare raɓa da yayyafi, amma a zafinmu ƙafa dahuwa take yi, kuma in ruwa ya shiga ta sama sai ya daɗe bai bushe ba.

Ɗan Kamba: Ni fa ina ganin kuna wahalar da bawan Allah. Fulani makiyaya da takalmin roba suke bin shanu daga nan har Nijar, wa ya taɓa ganin su da but?

Baban Khalifa, Yawuri: Ɗan Kamba, ƙafar da ta tashi a daji tun yarinta ba ɗaya take da ta wanda ya fito daga ofis ba. Amma ka yi gaskiya ta wani ɓangare, rashin nauyi abin nema ne. Tsakanin biyu masu kyau, Malam ya ɗauki wanda ya fi sauƙi a ƙafa.

Maman Ilham, ma'aikaciyar jinya: Malam, ni ta fuskar lafiya zan yi magana. Lokacin noma da girbi ne aka fi kawo mana saran maciji, kuma galibi a ƙafa ne, daga idon sawu zuwa ƙasa. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, dafinta kuma hana jini daskarewa yake yi. Don haka kada ka sayi mai gajeren wuya, ya rufe idon sawu, wando mai kauri ya sauko a kansa. Ba wai maciji ba zai iya ba ne sam, amma an rage hatsari sosai. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau, a nufi asibiti kai tsaye. Rambut ɗin ma ba don laka kaɗai ba ne, ruwan fadama da ke kwance shi ke kawo tsargiya, ƙwayar ta fata take shiga. Kuma kullum da safe ka kife takalmin ka kakkaɓe, kunama na son kwana a ciki.

Tsohon Kofa: Wanda ya ce ka sayi na sojoji bai duba halin da ake ciki ba. Mutum shi kaɗai a kan babur cikin daji da baƙin but irin na jami'an tsaro, ko a shingen bincike ko a wajen waɗanda ba a fata, tambaya ce za ka jawo wa kanka. Nemi ruwan ƙasa, na farar hula. Sannan wanda aka ba mu a sansanin bautar ƙasa ya koya mini cewa takalmi ya yi daidai da ƙafa shi ne komai. Je kasuwa da la'asar, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa sawa. Gwada duka biyun, don ƙafafun mutum ba su cika zama daidai ba. Kuma kada ka shiga daji da shi ranar farko, yi ta zuwa kasuwa da cefane da shi har ya saba da ƙafarka.

Malamin Gona: Allah ya saka da alheri, na gamsu, biyu zan saya. Baba, tambaya ɗaya: lamba 43 nake sawa, in ɗauki 43 ɗin ko 44? Kuma bororon nan fa?

Baduku, Argungu: Kada ka bi lamba, ɗana, 43 na wani kamfani 42 ne a wani. Sa ƙafarka ba ka ɗaure igiya ba, tura yatsu gaba har su taɓa baki, in ɗan yatsanka na hannu ya shiga bayan diddige to ya yi. Sannan ka ɗaure, ka taka ka gangara wani wuri. In yatsu na dukan gaba ya yi kaɗan, in diddige na ɗagawa ya yi yawa, shi ke kawo bororo. Safa mai kauri, ka riƙa tafiya da ta canji a jaka.

Maman Ilham, ma'aikaciyar jinya: Bororon kada ka fasa shi da ƙaya. Wanke, ka rufe da filasta, ka bari ya warke kafin ka je gwajin takalmin, in ba haka ba kowanne ka sa ciwo za ka ji.