Girki tare, ci tare: shawarwarin da suka fito

Da wasu iyaye suka tattauna yadda girki ke ƙara danƙon zumunci, shawarar da ta fi fitowa ita ce a daina barin mutum ɗaya a kicin yana ta fama, sauran suna zaune suna jiran a kira su. A raba aikin. Ƙaramin yaro ya wanke kayan miya, babba ya riƙe wuƙa, wani ya tsaya bakin tukunya yana juyawa yana ɗanɗana gishiri.

Iyaye sun lura da wani abu game da matasa. Yaron da in ka zaunar da shi kana masa tambayoyi sai "lafiya lau" kawai za ka samu, in hannunsa na cikin aiki, idonsa na kan abin da yake yankawa, labarin makaranta da na abokai da kansa yake fitowa. A ganina wannan ta fi kowace shawara amfani, don mutum ya fi sakin jiki idan ba a zuba masa ido ba.

Batun waya a lokacin cin abinci kuwa an sha bamban: wasu sun ce a ajiye ta nesa, wasu sun ce a kife ta ya isa.

Ga mai gayyatar abokai, kada ya ɗora wa kansa girkin da bai taɓa gwadawa ba, ya tambayi abin da baƙonsa ba ya ci tun kafin ranar. In baƙo ya ce zai taya wanke-wanke, a bar shi, a can ma hira take ci gaba.