Muhawara: Shin Tsohon Ado Yana Karya Farashin Gida?

Hajiya Babba: Assalamu alaikum. Magada sun amince a sayar da gidan marigayi Baba na Ƙofar Marusa, wanda aka gina tun Katsina tana ƙarƙashin Jihar Kaduna. Daɓensa tarazo ne, tagoginsa na luba, silin ya yi tabon ruwa a ɗakuna biyu, koren tayil ɗin banɗaki kuma ya koɗe. Wasu sun ce a gyara kafin a sa shi kasuwa, wasu sun ce asarar kuɗi ce. Ina neman shawararku.

Baba Dillali: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada a taɓa kuɗin marayu a kan fenti, domin a cikin gari fili ake saye, ba ado ba. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 ƙasa take ƙara tsada, kuma mai kuɗin da zai taya gida a bakin hanya sau da yawa rushe shi zai yi ya fitar da shaguna. Abin da zai fara tambayata shi ne faɗin filin da takardarsa, tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sharɗanta amincewar gwamna kafin a sauya mallakar fili mai satifiket. Gidan da takardarsa ke da tangarɗa, ko an lulluɓe shi da zinariya, tayin wulaƙanci za a yi masa.

Injiniya: Baba, maganarka ta takarda gaskiya ce, amma gidan nan a lungu yake, mota ɗaya ce ke iya shiga, saboda haka mai shaguna ba zai zo ba; wanda zai zo magidanci ne mai neman inda zai zuba iyalinsa. Irin wannan mutum idan ya ɗaga kai ya ga tabo a silin, ba silin kaɗai zai lissafa ba, zai ɗauka kwanon rufi ya huje, katako ya ruɓe, wayarin ma abin tsoro ne, sai ya zabge abin da ya fi kuɗin gyaran nesa ba kusa ba. Ga shi yanzu a WhatsApp ake fara ganin gida, hoton ɗaki mai duhu cike da tsofaffin kujeru kuwa ba ya kawo kowa ƙofa. Ban ce a yi silin ado na zamani (POP) ko a fasa tarazo ba, domin tarazo idan aka goge shi ya fi tayil mai araha ƙarko, kuma launin da kuka zaɓa ba lallai ya yi wa mai saye ba. A toshe yoyo, a kwashe tarkace, a shafa farin fenti, a cike gilasan luba da suka fashe.

Malam Liman: Ina tare da Injiniya bisa sharaɗi guda. Gyara daban, ɓoye aibi daban. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Idan bango ya tsage har tushe aka shafe shi da fenti ba tare da an faɗa wa mai saye ba, yana da haƙƙin mayar da ciniki, kuma an cusa wa marayu haram a cikin gadonsu.

Anti Ƙarama: Yaya, kowa ya manta da matar mai saye, alhali ita ce za ta shiga kicin da banɗaki ta fito ta ce a'a. Koren tayil ɗin nan ni kaina ba zan zauna da shi ba. Zanen dagin da ke goshin zaure kuwa, don Allah kada a kankare shi, domin maginan da suka iya wannan aiki sun yi ƙaranci.

Baba Dillali: Na yarda da shara da toshe yoyo, tunda ba su da tsada. Tayil kuwa ban yarda ba, 'yata, domin abin da za a kashe a kansa ba zai dawo cikin farashi ba, sai dai ciniki ya yi sauri, magadan nan kuma ba gaggawa suke yi ba.

Hajiya Babba: Na gode muku. Injiniya, ka je da magini ranar Asabar ku duba rufin da tsagar bangon ɗakin baya, ka kawo mana lissafi a rubuce. Batun tayil zan kai shi gaban magada, tunda dukiyarsu ce.