Lambar gilashina ta kai -9, akwai mafita kuwa?

Mai_Tabarau:
Salam jama'a, dan Allah ina neman shawara. Lambar gilashina -9 ce, kaurinsa kamar gindin kwalba, in na cire ko fuskar mutum bana ganewa. Leza zata yi min aiki?

Yayan_Yara:
Wslm. Ba lamba kaɗai ake dubawa ba ƙanwata, aikin leza da ake kira LASIK kankare fatar nan mai garai-garai ta gaban ido yake yi, kuma duk yadda lamba ta hau to haka za a kankare da yawa, shi yasa sai an auna kaurinta tukun, in siririya ce likita ba zai taɓa ba. Akwai kuma ICL, wani ɗan lens ne da ake sakawa cikin ido a bayan baƙin idon, yana kaiwa har wajen -18 kuma ana iya cire shi daga baya. Amma sai lambarki ta tsaya cak kamar shekara ɗaya.

Uwar_Biyu:
Kafin maganar tiyata ki tambayi gilashi mai lamba 1.67 ko 1.74 (wannan lambar irin gilashin ce, ba ta ido ba), yafi siriri sosai. Ki zaɓi ƙaramin firam mai zagaye, don a gefe kaurin yake taruwa.

Yayan_Yara:
Af, babbar lamba irin taki yawanci tsawon ido ke kawo ta, ko anyi aikin idon yana nan da tsawonsa, haɗarin ɓallewar fatar bayan ido bai tafi ba. In kika ga walƙiya ko ɗige-ɗige baƙaƙe kwatsam, ki tafi asibiti ranar.

Mai_Tabarau:
Nagode yaya, zanje a auna min.