Dewey ya kayar da Truman, in ji jarida

Da aka zauna hira kan yadda ake tono kanun labaran tsofaffin jaridu don nishaɗi, shawarar farko ita ce a zaɓi rana guda, kada a yi ta tsalle-tsalle. Ranar da ta fi samun goyon baya ita ce 3 ga Nuwamba 1948, lokacin da Chicago Daily Tribune ta buga da manyan baƙaƙe cewa Dewey ya kayar da Truman a zaɓen shugaban Amurka. Ashe Truman ne ya lashe, da ƙuri'un wakilai 303, Dewey kuwa 189. Har hoto aka ɗauki Truman a birnin St. Louis ya ɗaga jaridar sama, baki har kunne.

Wani ya ce kafin a yi dariya a nemi dalili. Masu ɗab'in jaridar suna yajin aiki, dole aka buga ta da wuri, ba a gama ƙirga ƙuri'u ba. Ni dai wannan ya ƙara min dariyar ne.

An kuma ce a leƙa tallace-tallacen shafukan ciki, nan ake samun abin ban dariya na gaske. Labarin mutuwa da haɗari kuwa, a bar su, iyalan mutanen na nan da ransu.