Bindigar feshi na yi min tari, fenti ya fito kamar ɓawon lemo

Abban Ummi:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin harkar fenti ku taimaka min. Golf 3 ce ta mahaifina, Allah ya jiƙansa, na ce da hannuna zan yi mata fenti a gida. Na goge ta da samfefa, na sa fila inda ta lotse, firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, ita ma ta kwanta lafiya lau. Sai da na zo kan farin fentin bindigar ta fara tari: ta fesa, ta ɗauke, ta tofo ɗigo-ɗigo. Yanzu in ka shafa bonet ɗin kamar ɓawon lemo, ƙofar direba kuma ta yi ƙuraje ƙanana kamar na zufa. Kwamfresata lita 50 ce, faɗin bakin bindigar milimita 1.8. Wallahi jiya ko tuwon dare na kasa ci. Bindigar ce ta lalace, in sayi wata?

Baba Mai Fenti:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifi. Ɗana, kada ka sayi komai tukuna. Ɗauki murfin kofin da kake zuba fenti, ka duba samansa, akwai wata 'yar huda kamar ta allura. Ta nan iska ke shiga. In firaima ta bushe ta toshe ta, fenti ba zai sauko yadda ya kamata ba, tarin ke nan. Jiƙa murfin a tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ka buɗe hudar da tsinken sakace. Ka kuma ƙara ɗaure bakin bindigar da sifanarsa, don in ya yi sako-sako iska yake sha. Amma kada ka kuskura ka zura waya a hudojin gaba, za ka ɓata su har abada.

Shi kuwa 1.8 na firaima ne, fenti yana son 1.3 ko 1.4. Ka saita ƙarfin iska wajen bar 2 a agogon awon iska kana riƙe da kunamar, tsakaninka da mota taƙi ɗaya. Kuma ka gwada a kwali kafin ka taɓa motar. Ni har yau haka nake yi.

Ɗan Gareji:
Baba ya gama magana. Ƙurajen nan dai ruwan da ya taru a tankin kwamfresa ne yake biyo iska. Yaushe rabonka da kwance bawul ɗin da ke ƙarƙashin tankin kwamfresa? Ka sa matatar ruwa kusa da bindiga. Lita 50 kuma ba ta jure dogon feshi, ka riƙa yin ƙofa ɗaya ka jira ta cika.

Maman Sadik:
Ɗan'uwa, mijina sana'arsa ke nan. In fentin mai hadina ne, wato sinadarin da ake haɗawa don fenti ya yi tauri, takunkumin ƙyalle ba ya tare warin nan, ka nemi mai matata a gefe biyu. Ka fitar da yara daga gidan, ka yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙurar hunturu.

Abban Ummi:
Baba, Allah ya saka da alheri. Hudar a toshe take ƙam, sai da na kankaro busasshiyar firaima kamar ƙwayar gero. Tankin kuma da na kwance, jan ruwa mai tsatsa ya tsiyayo kusan rabin kofin shayi. Na gwada a kwali, feshin ya fito sumul. Hajiya, na gode, gobe Ummi da mamanta za su wuni gidan kakarta. Saura bonet ɗin, Baba: kwana nawa zan bari ya bushe kafin in sake goge shi?